Haruffan Bugawa Masu Kama da Rubutun Hannu: Siffarsu da Amfaninsu a Parakou da Djougou

Haruffa masu kama da rubutun hannu su ne waɗanda aka zana wa na'ura amma aka bar musu alamar yatsu: bakinsu ba kaifi, tsawonsu bai zo ɗaya ba, wasu sun ɗan karkace kamar an ja su da alli a allon aji. Mafi shahara a cikinsu shi ne Comic Sans, wanda Vincent Connare ya zana a kamfanin Microsoft a 1994, bayan ya ga an sa wa wani karen zane magana da haruffan Times New Roman masu kama da na takardar hukuma.

Sirrinsu yana ga ƙananan haruffa. Harafin a nasu tumbi ne da sanda, yadda malamin firamare yake rubuta shi, ba mai ƙugiya a ka irin na jarida ba. Shi ya sa yaro mai koyon karatu yake gane shi nan take. Babba kuma yakan ji kamar da baki ake yi masa magana, don haka suka dace da allon shagon tela ko na mai kitso a kewayen kasuwar Arzeke ta Parakou, da katin suna da na ɗaurin aure. Ba su dace da takardar kotu ko sanarwar rasuwa ba, kuma dogon littafi da su yana gajiyar da ido.

Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancinsu don harsunan Turai aka zana su. Ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, ba ƴ. Mai buga kati ya danna ƙ, sai ta fito bare a tsakiyar kalma, ko wani akwati wofi ya tsaya a gurbinta. Ya gaji ya cire lanƙwasar, sai "muna maraba da baƙi" ta koma "muna maraba da baki". Wannan asara ce, kuma ba ta Hausa kaɗai ba: Dendi da Batonu da Yom, waɗanda ake ji kullum a garuruwan biyu, suna buƙatar ɛ da ɔ da ŋ na baƙaƙen harsunan ƙasa da Benin ta tsara a 1975.

Magani yana nan, kyauta. Ƙungiyar SIL ta fitar da haruffan Andika domin masu koyon karatu, masu ɗauke da harafin a ɗin nan na aji da dukkan haruffan da aka ambata. Ta kuma fitar da haruffan Alkalami a 2017 domin ajami, bisa salon rubutun Kano mai kauri. Djougou, tsohon zangon fataken goro tsakanin Kano da Salaga, ta daɗe da sanin irin wannan hannu a allunan almajirai.

Kira ga masu ɗab'i da malaman makarantu: kafin a zaɓi harafi don kyansa, a fara buga ƙ, ɗ, ɓ, ƴ, ɛ, ɔ da ŋ a gani. Wanda ya kasa fitar da su bai cancanci aikin Parakou da Djougou ba.