Jawabin bikin cika shekara: Ciniki ta waya da haƙƙin mayar da kaya



Yawancinmu yanzu a WhatsApp muke ciniki. Mu ɗora hoton atamfa ko leshi, a turo kuɗi, mu ba ɗan aike ya kai. A kasuwa mun saba cewa, "In kaya ya fita ba ya dawowa." To, wannan maganar ba ta da gindin zama a doka.

Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Idan mai saye ba ta ga kaya da idonta ba, aka kai mata, ta tarar ba irin wanda aka kwatanta mata ba ne, tana da haƙƙin mayarwa ba tare da jan lokaci ba, a biya ta kuɗinta. Haka ma kaya mai aibi. Mu ma idan muka yi sari ta waya, mu riƙa duba kaya tun ɗan aike na tsaye.

Saboda haka, mu ɗauki hoto da hasken rana, mu faɗi yadi nawa ne, mu ajiye rasit da saƙonnin ciniki. Kada ribar turmi ɗaya ta raba mu da kwastoma.

Allah Ya sa wa kasuwarmu albarka.