Guzurin ɗan makaranta a bazara

Na san kowa ya bar rumfarsa a hannun yaro ko maƙwabci, don haka ba zan tsare ku da yawa ba.

Maganata a kan cikin 'ya'yanmu matasa ce, waɗanda ke sakandare a ɓangaren Najeriya da waɗanda ke kwaleji da lise a ɓangaren Nijar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙidaya ƙuruciyar matashi daga shekara 10 zuwa 19, kuma a cikin waɗannan shekarun ne ɗan Adam yake tara kusan rabin nauyin jikin da zai girma da shi. Yaron da kuke cewa ya cika ci, jikinsa ne ake ginawa. Ga shi yana fita da sassafe, wani daga makaranta sai Islamiyya, wani sai rumfar mahaifinsa, bai ga tukunyar gida ba sai la'asar. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. A kan wannan duk mun yarda. Inda matsalar take shi ne abin da za a ba shi ya tafi da shi idan bazara ta kama.

A watan Afrilu da Mayu, daga Maraɗi zuwa Katsina, daga Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato, zafin tsakar rana yakan haura digiri 40. Ajin da aka rufa da kwano kuwa, kun san yadda yake. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma sun fi jin daɗi a ɗumi irin na jikin mutum, wato daidai ɗumin jakar ɗan makaranta. Idan sun sami danshi da ɗumi, wasunsu kan ninka cikin minti 20. Ku 'yan kasuwa ne, ku buga lissafin da kanku. Guda ɗaya tak da ta shiga kwano da ƙarfe shida na safe, in ta yi ta ninkawa haka, kafin sha biyun rana ta haura dubu 260. Da jari ne ke ninkawa haka, da babu wanda zai kwana a rumfa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi, hukumomin abinci na Amurka ma suka rage shi zuwa awa ɗaya idan zafi ya wuce digiri 32.

Za ku ce ai hanci yana faɗa. Ba kullum ba. Shinkafa ce babban misali. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tare da ita tun tana ɗanya, tana da ƙoƙon da tafasa ba ta kashe shi. Da an sauke tukunya shinkafar ta huce, sai ta farka ta shiga aiki, ta bar dafi a ciki. Shinkafar tana nan fara tas, ba wari, ba yauƙi, kuma ɗumame ba ya karya wannan dafin. Bayan awa ɗaya zuwa biyar da ci sai amai. Mu kuma sai mu ce rana ce ta buge shi, ko mu ɗora wa shawara. Saboda haka shinkafar jiya da aka ɗumama da asuba ba guzuri ba ce a wannan lokaci. Haka taliya, da alale, da awara, da miyar ganye, da kifi, da duk abin da aka zuba wa mayonis. Kunun aya kuwa ya fi su duka saurin juyawa. Dukkansu abinci ne masu kyau, amma wurin cinsu gida, da zafinsu.

To me ya rage? Kakanninmu sun riga mu amsa wannan tambaya. Fataken da suka yi ta zuwa Gwanja sayen goro, da ayarin raƙuman da ke ratsa hamada zuwa Bilma ɗauko gishiri, ba su yi guzurin miya ba. Busasshen abu suka riƙe, irin su dakakken gero da dabino da cuku. Inda babu danshi, ƙwayar cuta ba ta da wurin zama. Kuma duk abin da ake buƙata yana cikin kasuwar nan: ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dakuwa, kantun riɗi, dabino, busasshiyar aya, cuku, soyayyar fara, da kilishi ko dambun nama ranar da aljihu ya yarda.

Kada a raina su a ce kayan maƙulashe ne. Ƙuli-ƙuli da gyaɗa da fara suna gina jiki ƙwarai. Abin da suke nema shi ne abokin tafiya mai riƙe ciki. A ƙulla garin rogo da dakakken ƙuli da ɗan yaji wuri ɗaya a bushe, a sa ɗan mai a ƙaramar kwalba, a jefa tumatir guda da ba a yanka ba, a haɗa da cokali. Lokacin tara ko azahar yaro ya yayyafa ruwansa mai tsabta, ya yi kwaɗonsa nan take ya ci. Kwaɗon da aka haɗa tun asuba da wanda aka haɗa lokacin ci, kayansu ɗaya ne, amma na farkon ya yi awa shida yana jiƙe a cikin zafi. Burodi da niƙaƙƙiyar gyaɗa ma yana kaiwa azahar lafiya. Mai son fura a ba shi curinta daban da madarar gari a ƙulle, ya dama da kansa a hutun farko.

Ina da roƙo biyu ga masu sayar da waɗannan kaya, tunda kuna nan zaune. Gyaɗar da ta yi fumfuna, ko ta motse, ko take ɗaci, a tsince ta a zubar. Dafin da ke cikinta hanta yake ci a hankali, suya ba ta kawar da shi, kuma mayar da ita ƙuli ɓoye laifin ne kawai. Fara kuma a san inda aka kamo ta, domin wadda feshin magani ya kashe guba ce.

Bayan busasshe sai abin da Allah ya halitta da rigarsa: mangwaro, ga shi lokacinsa ne, da lemo, da ayaba, da gurji. A wanke a gida, a ba shi ɗungurungum. Kankanar da aka yanka aka jera a faranti tun hantsi ba ta cikin wannan sahu. Dafaffen ƙwai yana da amfani, amma a dafa shi da safiyar, a bar shi cikin ɓawonsa ba tsagewa, a ce masa ya ci a hutun farko.

Uwar da ta ce ita sai ɗanta ya ci dafaffe, ban ga laifinta ba. Hanyarta ita ce kula mai kyau. A zuba mata tafasasshen ruwa, a rufe na 'yan mintoci, a zubar, sannan a juye abincin kai tsaye daga wuta, a rufe, kada a sake buɗewa sai lokacin ci. A gwada kular a gida ranar da babu makaranta. Idan an buɗe da azahar ba ta tashi da tururi ba, to ba ta riƙe zafi, kuma ɗumi-ɗumin da take bayarwa shi ne ainihin abin da muke gudu.

Zan ɗan tsaya a kan 'yan mata. Yarinyar da ta fara al'ada tana rasa jini kowane wata, ga kuma girma, don haka buƙatarta ta sinadarin ƙarfe mai gina jini ta ƙaru. A gidaje da yawa kuwa ita ce ke tashi da aiki, ita ce ta ƙarshen ci, wani lokaci ma ta fita ba ta karya ba. Nama da fara da wake da gero da riɗi da zogale suna ɗauke da wannan sinadari. Lemo da gwaiba da tumatir da garin 'ya'yan kuka suna taimaka wa jiki ya zuƙe shi, shayi kuma yana tare shi idan aka sha tare da abinci. In kun ga tana yawan gajiya da jiri, ko cikin fatar idonta ya yi fari, ba lalaci ba ne. A kai ta a auna jininta.

Ruwa ya fi abincin gaggawa. Ledar fiya wata rabin lita ce, guda ɗaya ba ta isar matashi wunin bazara. A ba shi gorar da za ta ci lita ɗaya da rabi ko biyu, a cika daga ruwan da aka amince da shi a gida. A naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, a rataye inda iska ke bi. Yayin da tsumman ke bushewa yana janye zafin, kamar yadda randa ke yi. A kan wannan hikimar Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya gina tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ma'aunin yana wurin fitsari: in ya yi ja kuma kaɗan ne, ruwa bai isa ba. Akwai abin da 'yan mata ba za su faɗa muku ba. Da yawansu suna ƙin shan ruwa da gangan saboda makarantar ba ta da makewayin da za su shiga da mutunci. Wannan magana ce ta ƙungiyar iyaye da malamai, kuma iyaye maza ne ya kamata su ɗauke ta. Ƙanƙara kuma ruwa ce, sanyi ba ya kashe abin da ke cikinta. Kwalarar da ta ratsa ƙasashen nan biyu a 2018 da 2021 ba ta tsaya nuna takarda a kan iyaka ba.

Na san da yawanmu naira ko sefa muke miƙa wa yaro mu wuce kasuwa. Na kuma san saurayi ɗan shekara 16 yana jin nauyin riƙe kwano kamar ɗan firamare. Ƙullin ƙuli da dabino yana shiga jaka ba wanda ya gani, kuma in an bar shi ya zaɓi abin da yake so ranar kasuwa, zai ci. A ƙara kaɗan, don ba shi kaɗai zai ci ba. In kuɗi za a ba shi, a koya masa ya sayi abin da aka tsamo daga mai a gabansa, ƙosai ko waina ko awara mai zafi. Ku kuma masu talla a ƙofar makaranta, ku riƙa suya kaɗan-kaɗan, ku rufe, ku ajiye ruwa da sabulu kusa, kuma hannun da ya karɓi kuɗi kada ya koma cikin abinci.

Idan duk da haka yaro ya dawo da amai ko zawo, a fara da ruwan gishiri da sukari. Ƙullin da ake kira ORS a Najeriya shi ne SRO a Nijar, ana narka shi a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya, ya riƙa kurɓa. Idan zawon ya zama kamar ruwan shinkafa, ko da jini, ko ya kasa riƙe abin da ya sha, sai asibiti. Haka idan jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko ya suma: a kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a nufi asibitin da ya fi kusa, ko na wane ɓangaren iyaka ne.

Mai tambaya ya same mu a rumfar sarkin kasuwa bayan an tashi.