Shabakar Waya a Kan Hanya: Jawabin Magatakarda a Taron Cikar Shekarar Ƙungiya

 

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamanmu, direbobi da yaran mota, iyaye mata masu sana'a, muna yi muku barka da zuwa. Mun gode wa Allah da ya sake tara mu a wannan rana, muna kuma roƙon ya ji ƙan 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya.

Shugabanni sun umarci ofishin magatakarda ya yi bayani a kan shabaka, wato layin waya, a kan hanyoyin da kayanmu ke bi. Kun san hanyoyin: Wad Madani zuwa Sinnar, a wuce Mai Wurno da Sinja har Damazin, Madani zuwa Faw da Gadarif, a gangara Doka har Gallabat, bakin iyakar Habasha, sai ta Sinnar zuwa Rabak da ke bi ta Jabal Moya. Riɗinmu da dawarmu da albasarmu duk a kansu suke tafiya, kuma yanzu kuɗin kayan ma ta waya yake bin su.

Ba wanda zai manta farkon watan Fabrairu na 2024, lokacin da Zain da MTN da Sudani suka ɗauke kusan a tare. Manyan na'urorin kamfanonin suna Hartum, da aka taɓa su sai ƙasa duka ta yi shiru. Bankak ya tsaya. Mai kuɗi a asusu ya kasa sayen buhun gari, mai lori a hanya bai san inda motarsa ta kwana ba. A ƙauyukan Jazira an daɗe ana bin layi a wurin masu Starlink, ana biya awa-awa don a karɓi kuɗin da ɗan'uwa ya turo. Da aka zo canjin takardun kuɗi a Disamba 2024, sai aka ƙara tura mutane ga asusun banki da waya. Yau ɗan kasuwar da ba shi da shabaka, hannunsa a ɗaure yake.

Yanzu ana gyaran abin da yaƙi ya lalata, kuma wannan ne lokacin da ya kamata a ji muryarmu. Kamfani yana kafa turken shabaka inda jama'a ke da yawa, domin nan ne ribarsa take. Kowane turke yana buƙatar wuta, ko janareta da gas, ko faranti mai aiki da rana, ga batura, ga mai gadi. Shi ya sa gari ke samun turaku da dama, dajin da ke tsakanin gari da gari kuwa a bar shi haka nan. Wayar da ke cikin mota tana sakin wannan turke ta kama na gaba. In na gaban ya yi nisa ko wutarsa ta mutu, magana ta yanke. A irin wuraren nan ne taya ke fashewa, mota ta kafe a laka da damina, ko a yi haɗari a rasa yadda za a kira taimako.

Wasu ƙasashe sun mai da shabaka wani ɓangare na hanya, kamar kwalta da gada. A Turai an gwada layin 5G a babbar hanyar da ta tashi daga Munik ta Jamus, ta ratsa Ostiriya, ta kai Bolonya ta Italiya, domin motoci su riƙa aika wa juna gargaɗi ba tare da layi ya yanke a kan iyaka ba. Daga 2018 sun wajabta wa sababbin samfurin motoci na'urar da ke kiran lamba 112 da kanta in an yi haɗari. Motar da ke tuƙa kanta tana da nisa da mu, amma akwai abin da ya fi kusa. Tun 2017 kwastan na Kenya da Uganda da Ruwanda suke bin manyan motocin kaya daga Mombasa da na'urar da ke nuna inda mota take. Ƙasashen nan sun kuma rage kuɗin kira tsakaninsu, mutum ya ƙetare iyaka da layinsa. Mu kuwa mai zuwa Matamma sai ya nemi layin Habasha, in ba haka ba labari ya yanke tsakaninsa da gida.

Ga abin da ofis yake ba da shawara. Na farko, a ajiye littafi a kowace tashar lori. Direba ko yaron mota in ya sauka ya faɗa a rubuta: tsakanin wane ƙauye da wane ƙauye shabaka ta ɗauke, kuma ta wane kamfani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan wata uku za mu haɗa bayanan, shugabanni su kai su a rubuce ga kamfanonin uku da hukumar da ke kula da sadarwa, a haɗa da roƙon a duba kuɗin kira a kan iyaka.

Na biyu, muna roƙon iyayenmu masu garuruwan da ke bakin hanya su yi shawara a kan ba da fili da tsaron turke. Inda jama'a suka ɗauki nauyin kare batura da farantai, kamfani ya fi saurin yarda ya kafa.

Na uku, kafin a kai ga gyara, kowace mota ta riƙe layin kamfani biyu. Kada a saki kaya don an nuna hoton shaidar tura kuɗi, sai mai kaya ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin sun shiga, domin ana ƙirƙirar irin hotunan nan. A ci gaba da rubuta rasit na takarda da sa hannun shaidu. Wanda ya sa wa motarsa na'urar bin sawu ya riƙe lambar sirri a wurinsa shi kaɗai, saboda abin da ke nuna maka inda kayanka yake zai iya nuna wa ɓarawo. Direbobi kuma, don Allah a bar wa yaron mota waya in ana tafiya.

Littattafan za su kasance a tashoshi daga mako mai zuwa, in Allah ya yarda. Wanda bai iya rubutu ba ya zo ofis, za mu rubuta masa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare matafiyanmu, ya sa albarka a neman kowa.