Kunyar Da Ke Cutar Da 'Ya'yanmu Mata

 

Jama'a, maganar yau tana da nauyi a baki, sai a yi mana afuwa. Mu 'yan kasuwa ne, ba likitoci ba. Abin da ya faru a gidanmu ne ya sa muka je muka tambaya.

Wata 'yarmu da ke makarantar kwana ta dawo hutu ta rame. Ashe in ta yi tari ko dariya, sai fitsari ya ɗiso mata. Don tsoron abin ta rage shan ruwa, a wannan zafi na Yola na watan Afrilu! Sallar jam'i ma ta daina, wai ba ta da tsarki. Wata shida ba ta gaya wa kowa ba, har uwarta.

Likita ta bayyana mana cewa akwai tsoka a ƙasan mara wadda ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, kamar yadda majanyi ke riƙe goyo. In ta saki, sai ɗigon fitsari, ko jin nauyi a ƙasa. Muna zaton sai matar da ta haihu, ashe budurwa ma yana samunta. Taurin bayan gida da yawan yunƙuri, tari mai daɗewa, ɗaukar kaya mai nauyi, da ƙiba, duk suna raunana ta.

To, a lura, wannan daban yake da yoyon fitsarin da ke biyo bayan doguwar naƙuda. Wancan ɓulewa ce, sai aiki, irin wanda ake yi a asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda Dakta Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana yi wa mata. Wannan kuwa sau da yawa motsa tsokar kan yi maganinsa. Wani likitan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana hanyar a 1948: yarinya ta matse ƙasanta kamar mai riƙe fitsari, ta ƙirga biyar, ta saki. Sau 10 a jere, sau 3 a yini, amma ba lokacin da take fitsari ba. Ana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kafin a ga canji.

Batun tsarki kuma, mu da muka yi Islamiyya mun san Risala ta yi maganar mai salasul bauli, cewa mustahabbi ne ya sake alwala ga kowace salla. Addini ya sauƙaƙa, bai ce a bar salla ko a ƙi magani ba.

Saboda haka, iyaye mata, ku ja 'ya'yanku ɗaki ku tambaye su cikin lallashi. Mu maza, in an ce kuɗin asibiti, kada mu tsaya bin diddigi. Ga Asibitin Ƙwararru na Yola, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. In da zafin fitsari, ko jini, ko zazzaɓi, kada a kwana.

Ku kuma 'yan mata, ku sha ruwa, ku ci ganye, kada ku riƙe fitsari tun safe har la'asar. Tamu dai, alhamdu lillahi, ta koma karatu lafiya.

Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.