Kafin a sauke inji, a fara leƙawa

 Yau hirar tamu kan wata 'yar na'ura ce. A kasuwa za ka ji ana ce mata boreskof, wasu kuma endoskof, ni dai kyamarar leƙe nake ce mata. Igiya ce doguwa, a bakinta an dasa 'yar kyamara, fitilu sun zagaye ta. Sai ka zura ta inda ido ba ya kaiwa, hoton ya fito maka a waya ko a allonta. Da manyan irinta ake duba cikin injin jirgin sama ba tare da an warware shi ba.

To mu ina ruwanmu da ita? Mota. Ka yi shekaru kana tari, ka je sayen ta hannu, an wanke inji yana ta ƙyalli, an tayar ka ji sauti lafiya lau. Bayan wata biyu ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi, bakanike ya ce sai an sauke inji. Alhali da an kwance fulogi an leƙa ta raminsa, da wataƙila tun a wurin ka ga abin da ke ciki.

Amma fa ba kowacce ce za ta yi maka wannan aikin ba. Masu talla megafiksel suke ta yi maka ihu da shi. Rabu da su. Fara tambayar kanka, wane rami zan shiga? Ramin fulogin yawancin motoci milimita 14 ne, a sababbin injuna akwai 12, har da 10. Kan kyamarorin da suka fi yawa kuwa milimita 8 ne ko 5.5. Mai 8 za ta shiga babban rami, amma a matse, ba wurin juyawa. Siririyar ta fi.

Sai babban abin, wanda ni nan na faɗa ciki. Ta farko da na saya gaba kawai take kallo. Na zura, sai ga saman fistin, shi ke nan. To ai labarin ba a nan kaɗai yake ba, yana jikin bangon silinda, yana kuma can sama wajen bawul, kusa da inda ka shigo. An haɗo mini da wani ɗan madubi da ake maƙalawa a baki, na maƙala, ina jawowa ya kama bakin rami ya kusa zamewa. Wallahi sai da gumi ya karyo mini, don in ya faɗa ciki ya ƙi fitowa, sai an cire tof silinda, kuma motar ba tawa ba ce! Saboda haka ka nemi mai ido biyu, ɗaya gaba ɗaya gefe. In aljihu da nauyi, akwai wadda kanta ke lanƙwasawa ya waiwayo baya, ita ce ta makanikai sosai.

Ka duba kuma tazarar da take gani tar. Masu araha sai abu ya kai 'yan santimita kaɗan daga gabansu, in ka matsa da yawa hoto ya dushe. Igiyar ta zama mai ɗan tauri, wadda in ka lanƙwasa take tsayawa. Mai shiga waya kuwa, tabbatar wayarka tana karɓar OTG. Masu iPhone su tambaya tukuna, ba kowacce ke aiki da ita ba. In ka ga an rubuta IP67, ruwa da ƙura ake nufi, ba a ce ka tsoma ta cikin tankin fetur ba.

Yanzu aikin kansa. Bari inji ya huce, zafi na lalata ta. Hure ƙurar da ke gefen fulogi kafin ka kwance. Zare makulli ka sa a aljihunka, kar wani ya yi sitata kyamara na ciki. A juya injin da hannu har fistin ya sauka ƙasa, sannan ka zura a hankali, ka rage fitila don ƙarfe na mayar da haske.

Me za ka gani? In bangon yana da siraran layuka masu gittawa juna kamar saƙa, alhamdu lillahi, aikin kamfani ne bai goge ba. In kuwa layukan a tsaye suke daga sama zuwa ƙasa, masu zurfi, bangon ya karce ke nan. Baƙin dauɗa kaɗan a saman fistin ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne ka ga sauran duk baƙi, ɗaya kuma fes kamar an wanke shi. Kar ka yi murna, sau da yawa ruwan lagireto ne ke shiga ta gaskit yana wanke shi. Shi ya sa ake duba silinda duka, a ɗauki hoto, a jera su a kwatanta. Ka kuma nuna wa bakanikenka, a haɗa da gwajin kwamfireshin, don kyamara ba ta auna ƙarfin ringi.

Af, na kusa mantawa. Don Allah kar wanda ya ɗauki wannan ya zura a kunne ko maƙogwaro, ta likitoci daban take. Sai mun haɗu a shiri na gaba.