Kalmomin Turanci Huɗu da Muke Yi wa Kuɗin Goro da "Zamani"



Duk wanda ya taɓa zama fassara littafin tarihi daga Turanci ya san wannan wahala. Shafi guda zai kawo maka era, ya kawo epoch, ya kawo period, ya ƙara da age, kai kuwa "zamani" kaɗai ke bakinka. Su kansu masu harshen sukan cakuɗa su a hira, amma ƙwararren marubuci ba ya zaɓar ɗaya da ka. Ɗalibai da yawa suna zaton wata ta fi wata yawan shekaru ne. A gaskiya abin da ya raba su shi ne inda mai magana ya tsaya yake hangen lokacin.

Mu fara da epoch da era, domin Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Epoch daga Girkanci ta fito, ma'anarta tsayawa cak. A asalinta ba ta da tsawo ko kaɗan, gaɓa ce guda da aka fara ƙirga daga gare ta. Era kuwa daga Latin take, daga kalmar tagulla, wato 'yan ƙarafunan da ake lissafi da su. Epoch turke ne, era igiyar da aka ɗaura masa. Hijirar Manzon Allah (SAW) a shekarar 622 ita ce turken, jerin shekarun da aka soma ƙirgawa daga gare ta a halifancin Sayyidina Umar shi ne era. Haka lissafin Miladiyya, wanda wani malamin coci, Dionysius Exiguus, ya tsara a 525. Ko kwamfutocin da ke aiki da tsarin Unix suna da nasu turken: daga 1 ga Janairu, 1970 suke ƙirga daƙiƙoƙi, kuma masu wannan sana'a epoch suke kiran ranar. Tun da era tana da rana tsayayya, takan rataya a wuyan sarki ko mulki. Ta Sarauniya Biktoriya ta kama daga 1837 zuwa 1901. Japan har gobe da ita take lissafin shekara, sabuwar tasu mai suna Reiwa ta fara ranar 1 ga Mayu, 2019 da hawan Sarki Naruhito.

Period ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Asalinta zagaye ne, a tafi a dawo. Tana da farko, tana da ƙarshe, ba ta yabo ba ta zargi. Wanda ya kira tsakanin 1918 da 1939 period bai faɗi komai game da halin shekarun ba, iyaka kawai ya shata.

Age ce mai rigima. Ta samo asali daga kalmar Latin mai nufin tsawon ran mutum, shi ya sa har yau da ita ake tambayar shekarun yaro. Da aka ɗora ta a kan tarihi sai ta taho da wannan ɗabi'a: ba ta damu da rana ko wata ba, halin lokaci take faɗa. Wanda kuwa ya faɗi halin wani ya yanke masa hukunci. Mawaƙin Girka Hesiod ya jera zamunna daga na zinari zuwa na ƙarfe don ya nuna duniya lalacewa take yi. A 1836 Christian Thomsen, mai kula da gidan kayan tarihi a Kwafanhagan ta ƙasar Denmak, ya wallafa tsarinsa na dutse, tagulla, ƙarfe. Tsarin ya yi wa kayan Turai daidai, sai aka ɗauka matakala ce da dole kowace al'umma ta taka. To amma a mafi yawan Afirka kudu da Sahara daga dutse aka wuce zuwa ƙarfe. Mutanen Nok suna narka tama a Taruga, kusa da Abuja ta yau, ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ba tare da wani zamanin tagulla ya gabata ba.

Mafi tsanani ita ce Dark Ages, zamanin duhu. Tunanin ya faro daga Petrarch, marubucin Italiya na ƙarni na 14, wanda ya ga bayan faɗuwar daular Rum hasken adabin Latin ya dushe. Duhun a wurin wa? A ƙarnonin da ake wa wannan laƙabi Bagadaza na fassara littattafan Girka, Kurɗuba na tara ɗakunan karatu. Masana tarihi na yanzu sun yi watsi da sunan, sun fi son Middle Ages, ko da yake ita ma da sauranta: tsakiya ce tsakanin Rum da farfaɗowar ilimin Turai, ma'aunin mutanen nahiya guda ke nan. Mu ma, a gefe guda, mun san wannan salo. Wanda ya ce "zamanin jahiliyya" ai ba kalanda yake karantawa ba.

Wuri ɗaya ne aka ɗaure kalmomin nan tamau, wato ilimin duwatsu da tarihin ƙasa. A can jeri ne daga babba zuwa ƙarami: eon, era, period, epoch, age. Ku lura age, wadda a bakin jama'a take da faɗin gaske, ita ce auta. Muna cikin era da ta fara shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da manyan dabbobin daynaso suka ƙare. Period ɗinmu ta kai shekara miliyan 2.58, epoch ɗinmu, Holosin, shekara 11,700, age ɗinmu kuwa shekara 4,200, an tabbatar da ita a 2018 aka raɗa mata sunan jihar Meghalaya ta Indiya, inda wani kogo ya adana shaidar babban fari.

Ko a nan ba a tsira daga gardama ba. A shekarar 2000 masani Paul Crutzen ya ce ɗan Adam ya sauya ƙasa har mun shiga sabuwar epoch, Antiroposin. Aka kafa kwamiti, ya zaɓi tafkin Crawford na Kanada a matsayin shaida, ya ba da shawarar kafa turken a farkon shekarun 1950, lokacin gwajin bama-baman nukiliya. A watan Maris na 2024 aka kaɗa ƙuri'a, shawarar ta faɗi. Masu adawa ba su musanta ɓarnar ɗan Adam ba. Hujjarsu ita ce noma da kiwo da sare daji sun daɗe suna sauya ƙasa tun dubban shekaru, saboda haka babu rana guda da za a nuna, epoch kuwa a ƙa'idarsu dole sai da ita.