Man shafawar kan tebur ba na jinjiri ba ne

 

Zan fara da laifina. Bara, cikin Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗiyar yayata tana da wata huɗu sai ƙananan ƙuraje sunka feso mata a wuya da baya da hammata. Yaya ta aike ni kasuwa. Na tsaya wurin mai tebur, na kwatanta mashi, ya miƙo mani man shafawa na dala ɗari, ya ce kwana biyu ta warke. Ni da na yi jami'a, ko layi guda ban karanta ba a jikin kwalin. Kwana biyu kuwa ƙurajen sunka kwanta, yarinya har ta ƙara haske, ana ta sa mani albarka. Amma da an daina sai su dawo, sai a sake shafawa, har ƙarƙashin kunzugu. Wajen wata biyu muna haka. Ranar awo ungozoma ta buɗe ta, ta ga cinyoyi jajur, fata ta yi sirara, ta dube mu ta ce: "Mi kuke shafa ma yarinyar ga?" Wallahi ban iya ɗaga kai ba.

Abin da ke cikin man nan ana ce mashi betametazon. Akwai ɗan uwansa klobetazol, wanda ya fi shi ƙarfi. Su ne a cikin mayukan bilicin da yawa. Suna kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, amma ba su kawar da abin da ya kawo ciwon. Fatar jinjiri ba ta kai tamu kauri ba, tana tsotse maganin ya shiga jini, balle a wurin da kunzugu ya rufe.

Abin takaicin, ƙurajen zufa ne kawai ta yi. Hanyoyin zufa ne ke toshewa idan an naɗe yaro da hula da safa da bargo cikin bazara. Maganinsu inuwa, wanka da ruwa marar zafi, da riga guda ta auduga. A bar labta mai da hoda; mai na ƙara toshewa, hoda kuma yaro na shaƙar ta.

Haka yawancin sauran suke. Fararen ƙuraje a hanci da kumatun sabon haihuwa suna bajewa da kansu cikin ƴan makwanni, kar a matse. Ɓawon da ke manne a tsakar ka ba ƙazanta ba ce: a shafa ɗan mai, a jima, a wanke a hankali, kar a ɓamɓare da farce. Jan ɗuwawu kuwa daga kunzugun da ya daɗe da fitsari ne. Na san tsadar kush, na san dalilin da ya sa guda ke kwana ya wuni. To, a riƙa barin yaro tsirara kan zane ya sha iska, a wanke da ruwa zalla, a busar, a shafa bazalin ko man zinki. In ya kwana uku bai yi sauƙi ba, ko ja ya shiga lungun cinya, a kai likita. Cikin hunturu, man kaɗe tsantsa bayan wanka ya isa. Ba sai mai ƙamshi ba.

Ƙazuwa daban ce. Wata ƙaramar ƙwaro ce ke shiga fata, ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, ga jinjiri har tafin hannu da na ƙafa. Ita sai magani daga likita, kuma duk gida a rana guda, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi. In an yi ma yaro shi kaɗai, za ta dawo.

Ga inda ba a jira gari ya waye: jikin jinjiri ya yi zafi, musamman in bai kai wata uku ba, ya ƙi nono, ƙuraje sun tara ruwa ko mugunya, gindin cibiya ya yi ja ko wari, ko ƙuraje haɗe da tari da jan ido, don ƙyanda kan zo haka. Tun 2006 dokar ƙasarmu ta ce ɗiyan da ba su kai shekara 5 ba a duba su kyauta a likitar gwamnati. Mun san sau da yawa ana rubuto magani a ce a sayo. Duk da haka a je, a gane cutar tukuna.

Ƴan uwa, mu ake aike, mu munka iya karatu. Yau in kun koma gida ku duba kwandon kayan jinjiri, ku karanta kowane kwali. In kun ga sunayen nan biyu, ku kai ma ma'aikacin lafiya ya faɗa maku yadda za a daina. Ku yi ma inna da yaya bayani da ladabi, don su ma sauƙi suke nema ma yaron.

Ɗiyar yayata ta warke, yanzu gudu take a tsakar gida. Allah ya raya mana su.